Yatsun Rakiya Mai Kitso

Ni ce na fara gani, ni ce kuma na kai maganar bakin rijiya, saboda haka ba wanda ya kai ni sanin yadda abin ya faru. Sunana Hamsatu. Gidanmu a Bagudo yana jikin gidan Rakiya mai kitso, dangar kara ɗaya ce tsakaninmu, ita ma awaki sun gama da ita, duk kafofi ne. Mutanen unguwa suna cewa ina da baki. Ban taɓa musu ba, sai dai in ce su ma suna da kunne.

Rakiya ta fi shekara ashirin da biyar tana kitso a gindin darbejiyar da ke tsakar gidanta. Wurin kakarta ta gaji sana'ar, wata tsohuwar Badandiya da aka auro daga ƙetaren iyaka, ɓangaren ƙasar Benin. Akwai wani kitso da take yi wa amare, ƙananan layuka masu lanƙwasa daga goshi har ƙeya, ana ce masa igiyar ruwa, kuma duk yankinmu ba mai iya shi sai ita. Amare kan zo daga Kende da Bahindi, wasu ma su tsallako daga Madekali, su kwana gidan dangi don kawai ta taɓa kansu. Allah bai ba ta haihuwa ba, ba ta kuma taɓa kuka da hakan a gaban kowa ba. Kitson nan shi ne abin da take tashi da shi da safe, shi ne sunanta a gari.

A shekara ta biyu da ƙaddamar da shari'a a jiharmu, bayan ruwan kogi ya janye, ciwo ya same ta. Da fari wuyanta ne ya sanƙare, ta ce kwanciya ce. Daga nan zafin ya gangaro kafaɗar dama, ya bi damtse, ya sauka a babban yatsa da manuni. Ta ce mini wani lokaci ji take kamar ta dafa minjirya, kifin nan mai fizgar mutum in ya taɓa shi, wani lokaci kuma yatsun su mutu murus, ko an tsunkule su ba ta ji. Su ne kuwa yatsun kitso. Tsinke ya fara suɓuce mata. Kitson da ta yi ranar Talata, kafin Juma'a ya warware. Rannan tana tsakiyar kan wata yarinya ta tsaya, ta daɗe tana kallon hannunta, sannan ta ce wa yarinyar ta ɗaura ɗankwali ta je wani gida a ƙarasa mata.

Magani kam an yi. Wanzami ya kafa mata ƙaho a damtse, ya yi mata tsaga a wuyan hannu, aka shafa man kaɗanya da citta, aka gasa da tsumma mai zafi. Tunda hannu ke ciwo, hannun aka yi ta azabtarwa. Abu ɗaya kaɗai ke ba ta sauƙi, ta ɗaga hannun ta ɗora a ka. Haka za ka gan ta tana yawo a tsakar gida kamar wadda aka aiko wa da saƙon mutuwa, mu kuwa mu yi ta yi mata faɗa, muna cewa ta sauke kada ta jawo wa unguwa musiba.

Ana cikin haka na tafi Lafagu wurin sunan jikata, na yi mako biyu. Abin da ya faru a bayana sai daga baya na ji shi. Madina, ɗiyar ƙanin mijin Rakiya, wadda ke aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a Sakkwato, ta zo hutu ta shigo gaisuwa. Da ta ga hannu a ka ba ta yi faɗa ba, tambaya ta yi ko hakan na rage zafin. Ta zaunar da ita, ta juya mata kai a hankali dama da hagu, ta sa ta matse mata yatsu, ta sa ta yi tafiya tana kallon ƙafafunta. Da ta ɗan karkatar da kan zuwa dama ta danna kaɗan, zafin ya gudu har yatsa.

"Gwaggo, ciwon ga ba ga hannu yake ba," in ji Madina. "Ga wuya yake. Ku bar hannun ga shi huta."

Ta bayyana mata cewa jijiyar da ke kai ji ga yatsu daga tsakanin ƙasusuwan wuya take fitowa, kuma shekarun da ta yi sunkuye a kan mutane sun matse hanyar. Ta ce kamar igiyar guga ce da ta maƙale a bakin rijiya, in ka fizga da ƙarfi ta ƙara cin kanta, in ka saki nan ka ja can a hankali sai ta zame. Ta koya mata abu uku. Ta zauna a miƙe ta ja haɓa baya ba tare da sunkuyar da kai ba. Ta ja kafaɗu baya ta riƙe kaɗan. Na ukun shi ne na jijiyar: ta miƙa hannu gefe, tafin yana kallon sama, ta lanƙwasa yatsu ƙasa tana karkata kai wajen hannun, sannan ta naɗe gwiwar hannun tana mayar da kai ɗaya ɓangaren. Kowanne sau goma, sau uku a yini, ba gaggawa, in zafi ya ƙaru ta dakata. Ta hana ta kitso da ɗaukar tulu a ka har wata biyu. Ta kuma gargaɗe ta cewa in hannun ya ƙara rauni ko ƙafafu suka fara nauyi, kada a tsaya komai, a kawo ta asibiti. Hutunta ya ƙare ta koma, lokacin kuwa ba wayar hannu a garinmu.

Na dawo daga Lafagu ban san komai ba. Da hantsi ina shanya kifi a jikin danga, idona ya faɗa ta wata kafa. Ba leƙe na je yi ba, amma da na gani ban kau da kai ba. Ga Rakiya zaune a kan tabarma, ido a lumshe, tana ja da wuya baya tana sakewa kamar kunkuru. Sai ta miƙa hannun nan mai ciwo, kai ya bi shi, ta naɗe shi, kai ya koma, leɓɓanta suna motsi ba sauti. Ta yi, ta sake, ta sake. Na bar shanyar kifin na tsaya ina kallo.

Sai mutum ya tuna yadda zamanin yake kafin ya yi mini hukunci. Kiɗa ya yi shiru a gari, masu garaya sun tattara sun tsallake iyaka, kowa yana sa ido a kan maƙwabcinsa. Kuma duk wanda ya kai shekaruna ya san kakar Rakiya ba kitso kaɗai ta sani ba, 'yar bori ce ta gaske. Tun muna yara ake gaya mana cewa iskar da ake kira Inna ita ke shanye hannu ko ƙafa. Ga hannu ya mutu, ga jikar 'yar bori tana rausaya kai ita kaɗai da rana tsaka. Na haɗa wannan da wancan, na ce ai ruwa ba ya tsami banza. Da la'asar na gaya wa mace ɗaya a bakin rijiya, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin magariba an sani har bakin kasuwa.

Abin da ban yi tunani ba shi ne gashi. A wurinmu mace ba ta miƙa kanta ga wadda ba ta yarda da ita ba, domin gashin da ya rage a mataji ana iya yin mugun abu da shi. Mai kitso amana take ci. Da maganar ta bazu, iyaye suka fara cewa ko hannun ya warke ba za su kai 'ya'yansu ba. Wasu har suka riƙa tuna sau nawa suka bar gashinsu a gidanta. Masu shiga yi mata sannu suka ɗauke ƙafa. Ni da bakina na tare mata hanyar komawa sana'arta, tun yatsun ba su farfaɗo ba.

Mijinta Lauwali masunci ne, mutum mai sanyi wanda ba ya son sunansa a bakin mutane. Ya roƙe ta ta bar motsin nan har ƙura ta lafa. Ta bari kwana biyar. A na shida zafin ya dawo sabo, ɗan jin da ya fara dawowa a manuni ya ɓace. Ina jin su ta danga da safe, yana cewa ko a cikin ɗaki ne ta riƙa yi ta rufe ƙofa.

"In na ɓoye, sun samu gaskiya ke nan," in ji ta. "Ba sata nika yi ba. Hannuna nika nema."

Ta jawo tabarma tsakiyar gida, daidai inda kafar dangar ta fi faɗi, ta zauna ta yi goma-gomanta. Ta san ina wurin. Ko kallon dangar ba ta yi ba, wannan kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Maganar ta kai ga Malam Bunyaminu, limamin unguwarmu, wanda dattawa suka ɗora wa sauraron irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe kafin su yi nisa. Ya aika a kira mu ranar Asabar bayan azahar. Maza suka zauna a zaure da Lauwali, mu mata muka shige ciki wurin yayarsa Hajiya Mariya, tsohuwa mai kaifin harshe da ko shi Malam yana shakkarta. Ita ke kai magana zaure tana dawowa da amsa. Mata sun fi ashirin a tsakar gidan, har da waɗanda ba a kira ba.

Rakiya ta faɗi nata a taƙaice: Madina ce ta koya mata, magani ne, motsin leɓen kuma ƙirga take yi. Wata ta ce ai kowa na iya faɗin haka tunda Madina ba ta nan. Hajiya ta kai maganar zaure, ta dawo da saƙon Malam. Ya ce wanda ya yi zargi shi ke kawo hujja, kuma tunda ba ya halatta maza su tsaya kallon matar wani tana motsa jiki, to wadda ta gani da idonta ta tashi ta nuna wa mata abin da ta gani, Hajiya ta zama idonsa.

"Hamsatu, ke ta kig gani," in ji Hajiya. "Tashi ki gwada muna."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na tashi, na gyara mayafi, na wurga hannu gefe, na kaɗa kai yadda na ga dama, har da ɗan ƙari don abin ya yi kama da abin da na faɗa a bakin rijiya. Can sai na ji Rakiya ta yi tsaki.

"Ba haka na ba. Kina son ki karye wuyanki? Dakanta."

Ta taso ta zo bayana. Matar da na ɓata wa suna ce ta dafa kafaɗata da hannun hagu ta saukar da ita, ta juya mini tafi sama, ta ce in miƙe gwiwa sannu, in lanƙwasa yatsu ƙasa. Ta ce in karkata kai nesa da hannun, kaɗan kawai, don in ji abin da take magana a kai. Na karkata. Wani siririn abu ya ja tun daga gefen wuyana, ya bi cikin damtse, ya fito a tafin hannuna yana tsikari. Ta ce to in mayar da kai wajen hannun. Na mayar, abin ya sake nan take. Shekarata arba'in da shida da wannan jiki, ban taɓa sanin akwai igiya a cikinsa daga wuya zuwa yatsa ba.

Hajiya ta tambaye ni me na ji, na faɗa mata gaskiya don ba ni da wata mafita. Ta ce ita ba ta karɓar labari, ta miƙa sandarta ga wata, ta ɗaga nata hannun. Rakiya ta gyara mata. Tsohuwa ta karkata kai, ta zaro ido, ta mayar, ta sake gwadawa. Kafin ka ce kwabo duk matan tsakar gidan sun miƙa hannu, kowa na karkata kai tana ce wa ta kusa da ita ita ma ta ji. Rakiya na bi tsakaninsu tana sauke wa wannan kafaɗa, tana hana waccan yi da ƙarfi. Wata ta fara dariya, sai dariyar ta kama kowa, har maza suka aiko a ji ko lafiya.

Hajiya ta karɓi sandarta ta nufi zaure. Ba ta rage murya ba, duk mun ji ta.

"Malam, in wanga bori na, to yayarka ta hau, matan unguwa duk sun hau. Jijiya ta, Allah Ya saka ta ga kowa."

Hukuncin Malam bai yi tsawo ba. Ya ce neman magani umarni ne, Rakiya ta ci gaba da abinta a inda ta ga dama. Ya ce abin da aka hana a Littafi shi ne binciken asirin mutane da yaɗa zato, kuma mai dangar da ke da kafofi ta nemi kara ta toshe. Bai ambaci sunana ba, bai kuma buƙaci ambata ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin mu watse na durƙusa na nemi gafarar Rakiya a gaban kowa. Ta ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya, amma fuskarta ba ta sake ba, ni ma ban ga laifinta ba.

Hukunci ya wanke suna, amma bai mayar da yatsu ba. Wannan aikin nata ne ita kaɗai, safe da azahar da la'asar, goma-goma. Na toshe dangar kamar yadda aka ce, sai na koma shiga ta ƙofa da sallama, ina ɗebo mata ruwa tunda an hana ta tulu. Makon farko ba ta ce mini komai ba sai sannu. A hankali zafin ya fara ja da baya, ya bar yatsu ya koma gwiwa, ya bar gwiwa ya tsaya a kafaɗa. Madina ta riga ta gaya mata cewa in ya fara komawa sama alamar sauƙi ce. Ta zuba gero a faifai tana tsintar tsakuwa da yatsun biyu, da fari tana kuskurewa, daga baya tana cafkewa. Lauwali ya sa kafinta ya yi mata wata 'yar kujera mai tsawo ta masu zuwa kitso, yadda kan mutum zai zo mata daidai ƙirji ba sai ta sunkuya ba.

Wata biyu suka cika, kujerar na nan ba wanda ya hau. Mata sun yarda ba bori ba ne, amma kowa na tuna yarinyar da aka sallama da rabin kai, kowa na jiran wata ta fara. Ina ganin Rakiya tana share gindin darbejiya kowace safiya, ta ajiye tsinke da mataji da man shanu, ta zauna har rana ta take, sannan ta kwashe. A rana ta huɗu na kasa jurewa. Na tsefe kaina tun da asuba, na wanke, na bi ta bakin rijiya da gangan na ce wa masu ɗiban ruwa gidan Rakiya za ni kitso, mai son kallo ta zo.

Na shiga na hau kujerar na cire ɗankwali. Ta dube ni, ta dubi matan da suka biyo ni suka tsaya a bakin ƙofa. Ta tambaye ni wanne nake so, na ce igiyar ruwa. Wata ta ce kitson amare a kan mai jikoki, aka yi dariya. Rakiya ba ta yi ba. Na ga ta murza babban yatsa da manuni, na ga tsoro a idonta, ni ma kuma tsoron ya kama ni, domin in tsinken ya faɗi a gaban waɗannan matan, ni ce na sake kashe ta.

Ta yi bisimilla ta tsaga layin farko. Tsinken ya tafi sumul daga goshi zuwa ƙeya. Ta kama gashin gaba, wanda ya fi kowanne gajarta da santsi, ta fara ɗaurawa. Ta ja shi da ƙarfin da ya ɗaga mini gira, na ji fatar kaina ta miƙe har kunne. Mai mataccen yatsa ba ta iya wannan ja. Ta gama layi biyar ta tsaya, ta ja haɓa baya sau goma a gaban kowa ba kunya, ta ci gaba. Matan suka matso. Wata ta sa hannu ta taɓa layin da aka gama ta ce kamar an ɗinka. Wata ta juya da sauri ta fita, ashe ɗiyarta ta je ɗaukowa, amaryar da za a kai Bahindi sati mai zuwa.

Hawaye suka cika mini ido, rabi na zafin kitso, rabi na farin cikin da ban taɓa jin irinsa don wani ba. Rakiya ta ga suna zuba, ta ɗan sassauta, ta sunkuyo da murya ba da wuya ba.

"Da zahi, Hamsatu?"

"Da zahi ƙwarai," na ce. "Ja abinki."

Ta ja.